Yatsu Biyar na Ɗalhatu

Duk wanda ya zauna da Ɗalhatu Idris na ɗan lokaci zai lura da wani abu game da hannunsa na dama: ba ya buɗe shi a fuskar mutum. In zai tare tasi a bakin titi, yatsa ɗaya yake ɗagawa kamar ɗalibi mai neman izinin fita. In mai shayi ya tambaye shi kofi nawa, amsar kuma biyar ce, da baki zai faɗa, ko da ƙarar injina ta hana a ji. Gara ya yi ta maimaitawa. In kuwa ya hango babba daga nesa, sai ya dunƙule hannu ya ɗaga ya jinjina, ya ɗan rusuna, ko da a tsakiyar babban kanti ne. Indiyawa da Filifinawan da yake aiki da su a Ras Al Khor, can Dubai, sun ɗauka gaisuwar 'yan dambe ce, har wasunsu sun koya suna mayar masa.

Abin ya samo asali tun a Gumel, yana yaro. Ana buga ƙwallo a ƙofar gida wani yaro ya sa masa ƙafa ya faɗi, shi kuwa ya tashi ya ware yatsu biyar ya watsa masa daƙuwa. Yaron nan bai daɗe da rasa uwarsa ba. Mahaifiyar Ɗalhatu, Kulsum, tana tsaye a bakin zaure za ta aiki wani, komai a kan idonta. Ba ta dake shi ba, da ma dukan ta yi da ya fi sauƙi. Ta kira shi, ta kama hannun, ta lanƙwashe yatsun ɗaya bayan ɗaya har ya zama dunƙule, sannan ta ce, “In ka sake buɗe wa ɗan wani hannun nan, ban yafe maka nonon da ka sha ba.” Mace ce da ba ta magana biyu. Ta rasu yana makarantar koyon sana'a a Kano, ba ta janye maganar ba, shi ma bai taɓa samun ƙarfin halin roƙonta ta janye ba.

Gyaran firji ya koya. Ya yi shekaru yana fama da ɗakunan sanyin masu kifi a Kano, sannan Allah ya buɗe masa hanyar Dubai. Yanzu shi ke kula da ɗakunan sanyi na wani kamfanin ajiye kaya, inda ake jibge nama da magunguna da furannin da ba su san zafin Agusta ba. Albashin ya kai ya ɗauko iyali, suka kama ɗan filat a gefen Muhaisnah, nesa kaɗan da gidajen leburori. Mutum ne mai kirki, wannan ba a musu. Amma yana da wani hali da ke ba matarsa Hadijatu haushi, kuma ni ma da nake ba da labarin yana ba ni: bai san ya ce ya kasa ba. Ya taɓa faɗowa daga tsani ya karya haƙarƙari, aka ruga aka tambaye shi, ya ce lafiya lau, ba komai. Hadijatu takan ce masa, “Kai ko a cikin likkafani aka gaishe ka, lafiya lau za ka ce.”

'Yarsu ɗaya ce, kuma sunan mahaifiyarsa ya sa mata. Don haka bakinsa bai taɓa kiran sunan ba, Ummi yake ce mata. Ita kuma tun tana ƙarama ta gane inda lagonsa yake: in tana son abu sai ta sha kunu irin na tsofaffi ta ce, “Ɗana, zo nan.” Daga nan an gama, ko mene ne sai ya yi. Mai ɗa wawa, in ji masu magana, to mai ɗiya mai sunan uwarsa ya fi kowa.

Ummi tana da shekara goma sha huɗu makarantarsu ta kai su wani kulob na masu wasan jiragen ruwa a bakin teku. Ƙananan jirage ne kamar kwalekwale, ba inji, ba filafili, sai doguwar sanda a tsakiya da ƙaton ƙyalle da iska ke turawa. Yarinya ta dawo gida ba ta da zance sai wannan. Kulob ɗin yana da kwas na sababbin shiga, duk Asabar, kuma ana karɓar uba da ɗansa a jirgi ɗaya. Hadijatu ta ce a'a, ruwa ba shi da reshen da za a kama. Da naci ya yi naci, sai ta kafa sharaɗin da take ganin ya kashe maganar: “Sai dai in da babanki za ku shiga.” Ta san mijinta. Mutumin da in zai je unguwar Al Buteen, a tsallaken ruwa, gara ya zagaya a mota ta cikin cunkoso da ya hau ɗan jirgin fito ya haye mashigin ruwan Deira, shi ne zai shiga teku a kan faranti? Ummi ta juya ta dubi ubanta ta sha kunu. Ɗalhatu ya ce to.

Sai da ya fara koyon iyo a kwamin wankan da ke saman benensu, da sassafe kafin yara su fito su yi masa dariya. Ruwan da ya sha a wurin ya isa ban ruwan lambu. Amma ya koyi abin da zai iya kai shi daga wannan bango zuwa wancan, kuma da aka gwada shi a kulob ya tsallake da ƙyar.

Ranar farko malamarsu, wata doguwar 'yar Afirka ta Kudu wadda rana ta gasa wa fuska, ta tara su a inuwa ta nuna musu kayan jirgi. Ga sandar tuƙi a baya. Ga igiyar ƙyalle, wadda in ka ja jirgi ya ƙara gudu, in ka saki ya lafa. Ga rigar ceto, wadda ba a cirewa ko da wasa. Sannan ta nuna wani jirgin roba mai inji da ke ɗaure a gefen gadar katako ta ce wannan shi ne jirgin ceto, kullum yana zagaye da su. Ta ce a teku murya ba ta zuwa ko'ina, don haka da hannu ake magana. In kun kife amma kuna lafiya, ku dunƙule hannu ku ɗaga, mai ceto zai wuce wurin wasu. In kuna neman taimako, ku buɗe hannu sosai, yatsu a ware, ku ɗaga masa. Don kada a ce ba a gane ba, ta ware yatsunta biyar ta miƙo su daidai fuskar Ɗalhatu, tana murmushi.

Ɗalhatu ya ja da baya kamar an watsa masa ruwan zafi. Ummi ta toshe baki da gefen ɗankwalinta, tana danne dariya. Sai aka ji wata murya daga cikin jirgin ceton, da Hausa garau: “Malam, yi haƙuri, ba da tsohuwarka take ba.”

Wani dattijo ne baƙi, gajere, kansa fari fat, yana goge hannu da tsumman bakin mai. Ɗalhatu ya dunƙule hannu ya jinjina masa tun kafin ya ƙarasa.

“Baba, ashe namu ne?”

“Naku ne. Edwin sunana, daga Ibi, bakin Binuwai. A cikin kwalekwale aka yaye ni. Ni ke gyaran injinan gidan nan, ni ke tsamo waɗanda suka faɗa. Kai daga ina?”

“Gumel, Baba.”

“Gumel! Me ya haɗa kifi da kaska?” Ya yi dariya har da tari, sannan ya gyara fuska. “To saurara, ɗan Gumel. A gidan nan in ruwa ya fi ƙarfinka, sai ka zage ni kafin in zo. In ka jinjina mini irin yadda ka yi yanzu, na wuce, khalas, shi ke nan.”

“Haba Baba. Ni in yi maka daƙuwa, da furfurarka?”

“Teku ba ta san furfura ba.”

“Ba sai in ƙwala maka kira ba?”

“Iska za ta cinye. Ni ma da na zo sai da na yi wata guda ina jin haushin 'ya'yan Turawa, kullum suna ambaton uwata. Yanzu in ban ga hannun ba ne hankalina ke tashi.”

Ɗalhatu ya yi dariya tare da shi. A ransa ya ce Allah ba zai kawo ranar ba, kuma ya ɗauki hakan a matsayin an warware matsala.

Asabar ta bi Asabar. Sandar da ke ƙasan ƙyallen ta buge shi a kai har ya daina ƙirgawa, ya koyi sunkuyawa. Ummi kuwa kamar a ruwa aka haife ta. Tana jin iska a kumatunta ta san inda za ta juya, uban yana can yana neman hagu da dama. Abin da malama ta fi yi masa faɗa a kai shi ne igiyar ƙyalle. In iska ta bugo da ƙarfi saki ake yi, shi kuwa sai ya ƙara damƙewa, jirgi ya karkata, Ummi ta yi ta ihu, “Abba, saki! Saki mana!” Ranar da aka koya musu kifewa da gangan a ruwa marar zurfi, aka ce kowa ya nuna alamar neman taimako. Kowa ya ware hannu. Ɗalhatu ya ɗaga nasa a karkace, yatsu a haɗe, kamar mai kare ido daga rana. Baba Edwin ya matso da jirginsa, wannan karon ba dariya.

“Malam Ɗalhatu, wannan ba buɗe ba ne, ba rufe ba. Daga nesa ban san me kake faɗa ba.”

“Za a gyara, Baba, in sha Allahu.”

“Ba kai kaɗai ne a jirgin ba,” in ji dattijon, ya ja injinsa ya tafi.

Asabar ɗin ƙarshe ta faɗo a tsakiyar sanyi. Ranar ce kowane jirgi zai fita ba malami a ciki, ya je ya zagayo wani jan tulun roba da aka kafa can cikin teku, ya dawo. Da safe iska tana kaɗawa daidai misali, ruwan ya yi shuɗi, dogayen benayen birnin suna can baya cikin hazo. Malama ta dubi sama ta ce su yi maza, ana sa ran iskar arewa za ta tashi da yamma. Hadijatu tana wurin aiki, ta dai bugo waya ta ce su yi addu'a kafin su shiga. Suka yi.

Ummi ce ta tuƙa a tafiya, jirgi yana yanka ruwa tana rera wata waƙar makaranta. Da suka kusa tulun suka yi musanya, domin sharaɗi ne kowa ya tuƙa. Ɗalhatu ya karɓi sanda a hannun hagu, igiya a hannun dama. Sun zagayo ke nan Ummi ta daina waƙa. Ta ce, “Abba, dubi can.” Fuskar ruwan ta yi baƙi daga arewa, baƙin yana tahowa da gudu, da fararen kumfa a kansa. Iskar da aka ce sai yamma ba ta jira yamma ba.

Ta bugi ƙyallen kamar an rufe ƙofa da ƙarfi. Jirgi ya karkata, ruwa ya fara kwararowa ta gefe. “Saki, Abba! Saki igiyar!” Ya ji ta sarai, kuma ya san abin da ya kamata. Amma hannun ya riga ya dunƙule, kuma hannun Ɗalhatu in ya dunƙule ba ya jin magana. Sama ta juye, gishiri ya cika masa hanci.

Rigar ceto ta taso da shi. Ya sami kansa a bayan jirgin, ta wajen cikinsa mai santsi, jirgin yana kwance a gefe guda kamar saniyar da aka kayar. Sanyin ruwan ya ratsa shi har ƙashi. Ya kama gefe, ya yi abin da aka koya musu.

“Ummi!”

“Na'am, Abba! Ina nan!” Muryar ta fito daga ɗaya ɓangaren, inda ƙyallen ke shimfiɗe a kan ruwa. “Igiya ta naɗe mini ƙafa.”

“Sosai?”

“A'a. Shwaiya, kaɗan ne kawai.”

'Yar gidan su lafiya lau ce, ba a ƙasa ta tsinta ba. A daidai nan ya ji ƙarar inji. Baba Edwin ne, ya taho yana tsalle a kan igiyar ruwa, ya rage gudu daga ɗan nesa, ya miƙe tsaye yana dubansa. Iskar ta kifar da jirage da yawa lokaci guda, kuma can gaba akwai wasu yara biyu su kaɗai, ba babba tare da su. Dattijon yana jiran amsa, farin kansa yana ƙyalli a rana.

Ɗalhatu ya yi tunani, kuma tunanin bai fi ƙiftawar ido ba. Igiya ce kawai, zai zagaya ya kwance. Ga yaran mutane can suna buƙata. Ga furfura. Ya ɗaga hannu a dunƙule ya jinjina, har da ɗan sunkuyar da kai. Baba Edwin ya mayar masa da dunƙule, ya karkata jirginsa, ya tafi.

Ya bi gefen jirgin yana ja da hannu har ya zagayo ta baya. Ya ɗaga kai ya duba. Doguwar sandar jirgin ba ta kwance a kan ruwa yadda take yi a wurin gwaji, kanta ya nutse, tana ci gaba da nutsewa a hankali. Jirgin yana shirin kifewa gaba ɗaya, ciki sama, kuma igiyar da ta kama Ummi tana tafiya ƙasa tare da shi. Yarinyar ta ɗaga haɓa sama, idanunta sun firfito, ɗankwalin ya manne mata a fuska.

“Abba, tana ja na.”

“Ina nan, Ummi. Yanzu zan kwance.”

Ya laluba ƙafarta a cikin ruwa. Igiyar ta zagaye idon sawun ta hau kan kanta, ta jiƙe, ta yi tauri kamar waya. Ya ja, ta ƙara shaƙewa, Ummi ta yi ƙara. Ya cika ƙirji da iska ya nemi ya nutse ya gani da ido, rigar ceto ta ƙi, ta dawo da shi sama kamar kwalbar roba. Ya sake, ta sake dawo da shi. Ya sa kafaɗa ya tokare gefen jirgin yana so ya hana shi juyawa, to amma da me zai dogara? Ƙarƙashin ƙafarsa ba komai sai ruwa. Wata igiyar ruwa ta zo ta rufe kan Ummi. Da ta wuce, yarinyar ta fito tana tari, ta kasa magana.

“Baba Edwin!” Ya yi ihu da duk abin da ke ƙirjinsa. “Baba Edwin!” Iska ta mayar masa da muryar cikin baki. Can nesa yana hango jirgin ceton yana hawa yana sauka, dattijon ya ba shi baya, ya sunkuya yana jawo yaro daga ruwa. Ba shi da dalilin waiwayowa, an riga an gaya masa lafiya lau.

Tsoro irin wanda Ɗalhatu bai taɓa sani ba ya kama shi. Ya sa hannun hagu a ƙarƙashin hammatar Ummi ya ɗaga ta iyakar ƙarfinsa, hannun dama ya damƙe gefen jirgin. Yana jin igiyar tana jan ta daga ƙasa, shi yana ja daga sama, kuma ya san wanda zai fara gajiya. Ruwan ya kai leɓenta. Ya ce mata ta ja numfashi duk lokacin da ya ce ja, ta rufe baki in ya ce rufe. Ya ce ja, ya ce rufe. Ya karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa, har da ta shiga kasuwa. Yatsun yarinyar da suka riƙe wuyan rigarsa suka fara sassautawa.

Sai Baba Edwin ya miƙe. Ya zaunar da yaro na biyu, ya share fuska, ya juyo yana bin teku da kallo, jirgi bayan jirgi, yadda mai kiwo ke duba garke. Kallon yana tahowa wajensu, kuma ba zai daɗe a kansu ba.

Ɗalhatu ya saki gefen jirgin. Nan take su biyun suka yi ƙasa, ruwa ya rufe Ummi ruf. Ya buga ƙafa ya cilla hannun dama sama, ya ɗaga ido ya dube shi. A dunƙule yake. Hannun ya tashi yadda ya saba tashi shekara da shekaru, ba tare da ya nemi shawarar mai shi ba. Kuma a cikin rugugin iskar nan ya ji ta, wallahi ya ji ta, muryar mahaifiyarsa da ba ta magana biyu, da ɗumin yatsunta a kan nasa a bakin zaure. Ban yafe maka ba.

An ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ɗalhatu ya ce a ransa, Inna, ko da wuta ce. Ya buɗe.

Bai kaɗa hannun a hankali yadda malama ta koyar ba. Ya ware yatsun har sai da suka yi zafi, ya watsa wa dattijon daƙuwa irin ta yaran tasha, cikakkiya, wadda ko makaho zai ji a jikinsa. Ya janye ya sake watsawa. Ruwa ya rufe shi, hannun yana sama a buɗe. Ya taso ya sake. Ya ga kan dattijon ya tsaya cak, sannan hancin jirgin ceton ya ɗaga sama, ƙarar injin ta canza.

Abin da ya biyo baya Ɗalhatu bai riƙe shi a jere ba. Ya tuna injin ya mutu a gefensu. Ya tuna Baba Edwin ya yar da rigarsa ta ceto, ya faɗo ruwa da wuƙa a hannu, ya ɓace. Ya tuna nauyin da ke jan hannunsa na hagu ya saki lokaci guda, har ya kusa faɗawa baya, Ummi ta taso a jikinsa kamar tsumma. Suka tura ta cikin jirgin roba. Ta kwanta a gefe ba motsi, yaran nan biyu suna kuka, dattijon yana bubbuga bayanta yana cewa, “Yalla, 'yata, maza, fito da shi.” Sai ta yi wani irin tari, ta amayar da ruwan teku, ta ja numfashi mai ƙara kamar ƙofar da ta yi tsatsa. A bayansu jirginsu ya ƙarasa kifewa, ya nuna farin cikinsa ga sama.

A bakin gaɓa aka lulluɓe Ummi da bargo, mai ba da taimakon gaggawa ya duba ƙirjinta ya ɗaure idon sawun da igiya ta yanka, ya ce duk da haka sai an kai ta asibiti an ƙara dubawa. Kafin mota ta iso Ɗalhatu ya je ya sami Baba Edwin a kan gadar katako yana matse rigarsa. Ya durƙusa a gabansa.

“Baba, ka yafe mini abin da na yi maka.”

Dattijon bai dube shi ba. Ya ci gaba da matse rigar. “Wanne daga ciki? Na farko ko na biyu?”

Dattijon bai jira amsa ba.

“In na biyun ne, uwata ta daɗe a ƙasa, kuma da tana nan da ta ce ka ƙara. Na farkon ne ban yafe ba tukuna. Ka dube ni ido da ido ka ce mini lafiya, yarinya tana ɗaure. Da ban waiwayo ba fa? Ni zan kwana da wannan, ba kai kaɗai ba.” Ya yarfe rigar ya rataya a kafaɗa. “Tashi, ba ni ne ka fi yi wa laifi ba.”

Ɗalhatu ya tashi ya koma inda Ummi take zaune a kan benci, ƙafa a miƙe, leɓunanta sun yi fari. Ya zauna a gefenta. Hannunsa na dama yana kan gwiwa, tafin a sama, igiya ta saɓule fatar, kuma ya ƙi rufuwa. Ya gwada, yatsun suka tsaya a buɗe. Ya daɗe yana kallonsa.

“Ummi.”

“Na'am, Abba.” Muryar ta dishe.

“Ki yafe mini.”

Ta juyo ta dube shi. Ta san labarin zauren Gumel, uwarta ta ba ta tun tuni, har sukan yi masa tsiya da shi a kan tasi da mai shayi. Ta dubi fuskarsa, ta dubi hannun, ta ga ba ita kaɗai yake roƙo ba. Ba ta sha kunun wasan nan nata ba. Ta zaro hannunta mai sanyi daga cikin bargo ta ɗora a kan tafinsa, ta bar yatsun yadda suke.

“Na yafe maka, ɗana,” ta ce. “Duniya da lahira.”

Ɗalhatu ɗan Gumel, wanda ya karya haƙarƙari ya ce ba komai, ya fashe da kuka a gaban Turawa da Larabawa da yaran mutane. Bai ko rufe fuska ba, domin tana riƙe da hannun.